Tankin Jega

A Jega, bayan tashar mota,
muka jingina tsani jikin tankin ruwa,
ni da Labbo, ubangidana,
da bokiti shida na fenti ruwan toka.

Na buɗe murfi, na tarar da abu kwance
kamar kunun da ya kwana a ƙwarya.
Na ce, "Wannan ya mutu, a mayar wa kamfani."
Labbo ya miƙo mini sanda.
"Juya dai. Barci yake yi."

Na juya, sanda ta ƙi.
Na ƙara, ta yarda da ƙyar.
Wajen zagaye na talatin
sai ya saki jiki,
ya bi sandar kamar ruwan gulbi.

Ya ce akwai 'yan ƙwayoyin roba a ciki,
kowace ta fi ƙurar garin dawa ƙanƙanta,
shi ma bai taɓa ganin ko ɗaya ba.
In an ƙyale su, sai su riƙe hannun juna
su tsaya cik.
In ka motsa su, su saki, su jeru,
su ɗauki hanya guda kamar awaki za su mashaya.

Shi ya sa buroshi ke sulɓi.
Da ka ɗaga hannu kuma,
fentin zai ɗan malala ya shafe sawun gashi,
sannan ya tuna kansa, ya yi kauri.
In ya tuna da wuri, zane ya zauna.
In ya makara, ga hawaye jikin ƙarfe.
Sana'ar duka tana tsakanin numfashi uku.

Wata Laraba na yi gaggawa.
Ƙarfe ya ɗau zafi, ƙafata na rawa a kan tsani,
na ƙara wa injin feshi iska
don mu sauka kafin la'asar.
Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Sun taru a ƙofa ɗaya,
kamar fasinjoji a bakin kwalekwale,
kowa na son riga kowa,
babu wanda ya shiga.

Labbo bai yi faɗa ba.
Ya kwance bakin injin, ya wanke, ya hura,
ya ce, "Matsin da ke sake shi,
in ya yi yawa, shi ke ƙulle shi."
Sai na tsarma ruwa a ɓoye,
fiye da abin da aka rubuta a jikin bokiti.

Da dare ruwan ya fita, ya bar su su kaɗai.
Suka matso, suka matso,
har babu ni babu ke,
suka zama fata guda a kan ƙarfe.

Damina bakwai ke nan tsatsa ba ta samu ƙofa ba.
Hannun Labbo na rawa yanzu, ba ya hawa.
In na wuce a babur nakan ɗaga kai:
ta gefen gabas, ƙasan ƙusa ta huɗu,
akwai hawaye ɗaya da ya bushe yana tafiya.
Nawa ne.
Ya gan shi tun ranar, bai ce komai ba.