Wilin da Ke Jikin Darbejiya

Shekara ashirin da huɗu ina dukan ƙarfen nan,
tsohon wilin mota da muka rataya a darbejiya
tun Malam Ɗayyabu na hedimasta, Allah ya jiƙansa.
Bakwai da rabi in ɗaga rodi, in ba shi uku,
Gwammaja kaf ta san wanda ya makara.

Hutun bana ban huta ba.
Ni na buɗe wa tifa ƙofa, ni na ƙirga buhunan siminti,
ni na yi cacar baki da kafinta a kan ƙusa.
Rufin aji huɗu, da iska ta yaye tun waccan damina,
ya koma mazauninsa, shuɗi, yana ɗaukar ido.
An toshe ramin da gafiya ke bi ta shiga ofis.
An haƙa burtsatse, an ɗora tanki,
an jera farantan sola a sama kamar shanyar kilishi.

Litinin ta zo da yayyafi.
Adaidaita na sauke su a bakin kwalbati,
fararen hijabai, wanduna masu karin guga,
takalman da aka sayo da girma don su kai baɗi.
Uwani mai awara ta ja kaskonta gefe,
ta ce, "Baba Inuwa, amarya za a kawo muku ne?"

Da suka shiga aji sai suka yi cirko-cirko.
Wani yaro, Kamilu, ya shimfiɗa buhunsa a ƙasa yadda ya saba,
ga benci a gabansa yana ƙanshin fenti.
Sai da aka ce, "Naka ne, hau,"
sannan ya ɗosana, kamar baƙo a gidan surukai.

Bakwai da rabi na ɗaga rodi.
Kafin in sauke, wani abu ya tsala ihu daga baranda,
ɗan akwati mitsitsi, da waya a gindinsa.
Da yatsa ɗaya hedimasta ya danna.
Na mayar da rodina bayan ƙyaure.
Goron da ke bakina ya ƙara ɗaci.

Malamai tara aka turo, duk sa'o'in 'ya'yana.
Na duba hannuwansu, babu mai riƙe da tsumagiya.
Na ce to, muna nan,
ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Wajen sha ɗaya rana ta leƙo.
Sai ga ɗayarsu, Malama Shafa'atu,
da 'yan aji uku a bayanta, sahu biyu.
Ta russuna ta gaishe ni,
ta ce, "Baba, a taimaka a buga mana sau ɗaya."
Na buga.
Ta ce kowa ya matso ya taɓa, a hankali.
Ƙananan hannuwa suka rufe tsatsa.
"Malama, yana rawa!"
"Malama, wallahi motsi yake!"
Ta ce wannan karkarwar ce ke hawa iska,
ta yi tafiya, ta shiga kunne, ta zama ƙara.
Wata 'yar ƙarama mai wushirya ta ɗaga yatsa:
"To in babu iskar fa?"
Na jira in ji an ce ta rufe wa mutane baki.
Malama ta ce, "Riƙe tambayarki da kyau,
gobe da ita za mu karya kumallo."

Suka koma aji suna gardama.
Na duba hagu, na duba dama,
Uwani na can tana juya awara.
Na ɗan ƙwanƙwasa wilin, na ɗora tafin hannuna.
Shekara ashirin da huɗu!
Ashe duk dukan da nake masa rawa yake yi,
ni kuwa ban taɓa tsayawa na taɓa ba.

Gobe zan ja kujerata kusa da tagar aji uku.
Ƙofa ta ɗan tsare kanta.
Ina so in ji yadda za a ƙare da maganar iskar nan.