Turaku Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin ina fawa a Maradi.
Hannuna ya san inda wuƙa ke kwana,
ya san nauyin tozo tun daga nesa.
Abin da ya kasa koya
shi ne shafar goshin saniya.

Ranar da na farke tumbin wata bunaji
na ciro leda ta cika buhu,
baƙa, a murɗe, har da ƙusa da maɗaurin takalmi,
na zauna bisa turmi na kasa wanke hannu,
yaran mahauta na ta yi mini dariya.

Gangaren Gulbi, bayan lambunan tumatir,
Nomau ya kafa turaku goma sha ɗaya
don shanun da amalanke ta gama da su,
da waɗanda nono ya ƙafe, dillali ya kau da kai.
Ba ya sayarwa. Aka ce ya taɓu.
Ya ce, "An ci moriyar ganga,
sai a yar da kwaurenta a hanya?"

Babu albashi. Kowa da abin hannunsa.
Barira mai koko na kawo dusa da ƙasari,
Tsahiru ɗan kabu-kabu, harawa dami biyu bayan babur,
'yan lakwal na tsintar leda Laraba da yamma.
Ni da na san jikin sa ciki da waje,
aka ba ni cire kaska da jinya.

Ran Lahadi sai ga Mahendra,
Ba'indiyen nan na shagon taya.
Tun bakin shinge yake tuɓe takalmi,
ya tako kashin shanu da tafin ƙafa,
ayaba a hannu, kanwa a aljihu,
ya ɗora goshinsa kan goshin Kwalli
yana wata magana ƙasa-ƙasa.
Na ce, "Kai, dabba ce fa."
Ya ce, da guntuwar Hausarsa, "Garinmu, uwa."
Addininsa nasa, nawa nawa,
amma guga ɗaya muke ja a rijiya.

Kwalli, don baƙin da ya zagaye idanunta.
Ƙaho guda ya karye, haƙora sun ƙare,
sai na jiƙa mata dusa kamar kunun jariri.
Da bazara ta kai, Gulbi ya koma rairayi,
ta durƙusa gindin gawo ta ƙi tashi.
Mu shida muka zura buhu ƙarƙashin cikinta,
muka ɗaga, ta tsaya, ta sake zubewa
kamar tsohuwar bukka a guguwar safiya.

Dare ya raba. Wuƙata na ƙugu,
sabo ne, ba na fita sai da ita.
Mahaucin da ke cikina ya farka:
"Yi maza, kada ta yi mushe,
ko banza akwai fata, akwai romon marayu."
Kuma ba ƙarya ya faɗa ba.
Nomau ya ce, "Kai ka san aikinka,"
ya juya ya fuskanci danga.
Mahendra na riƙe da tocila, hasken na rawa,
bai roƙe ni ba, bai ce uffan ba.
Na zare, na gwada kaifin a farce.
Ta ɗago ido, tana tuƙa, babu komai a bakin,
tabon karkiya na nan sarai a wuya.

Na sunkuya.
Na yanke igiya.

Ba ta je ko'ina ba.
Ta dai miƙe wuyan a kan ƙafata,
numfashin na ɗumama mini idon sawu
har ladan ya yi kiran farko, ya ɗauke.
Mun yi haƙa mu huɗu, ƙasar bazara kamar dutse,
hannun mai taya ya yi kanta ya fashe,
na ɗaure masa da gefen rawanina.

Har yau ban san ko daidai na yi ba.
Malamin unguwarmu ya ce asarar nama ce,
na ce na ji, Allah ya yafe.
Hantsi na yi Barira ta sauke ƙwarya,
goma na jira, suna kukan yunwa.
Turke ɗaya babu kowa,
sai ga wani yaro daga Tibiri
yana jan gurgun sa, yana tambayar hanya.