Lissafin Sahura

Kaji tara ta bar min, da zakara guda mai ɗingishi,
da akurkin da ta harhaɗa da katakon akwatin tumatir
a lungun bayan gida, nan Aboabo,
inda ruwan kwanon maƙwabta yake zubowa a namu.

Ni ban san kaza ba sai a miya.
Shekara talatin da ɗaya ina taka keke a Kejetia,
ƙwai kuwa a faranti nake samunsa, soyayye da albasa,
ban taɓa tambayar ta inda ya biyo ba.

Bayan sadakar arba'in
shida nake ɗauka, wata rana bakwai,
da ɗuminsu a tafin hannu.
In kai wa Mumuni mai shayi a bakin titi,
ya ƙirgo min sidi, ya ce Allah ya jiƙan Sahura.

Sai marka ta sauka.
Kumasi ta ja lumshi ta rufe har ka,
rana ta zama baƙuwa mai sauri,
ta leƙo da hantsi, kafin ka shimfiɗa tabarma ta wuce.
Yayyafi, yayyafi, da sanyi mai neman gwiwa.
Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba.

Ƙwai ya koma huɗu.
Ya koma biyu.
Ran Talata na dawo da ƙwarya wayam.

Na zargi gafiya, na ɗana tarko, ya kama yatsana.
Na zargi muzuru.
Na zargi Kwabena, ɗan Maame Serwaa,
mai tsallako katanga in ƙwallonsa ya faɗo,
na gaya masa maganar da har yau take min ɗaci a baki.
Yaron bai tanka ba. Dubana kawai ya yi.

Fingi ta zubar da gashi har ana ganin fata,
Durgu ta takure a kusurwa, ko dusa ba ta kallo.
Na ce to, sabo da kaza ba ya hana yanka.
Na shiga ɗakin ajiya neman wuƙa.

A bayan ƙyaure na gan su.
Zanen gawayi, layi bisa layi,
kowace rana da sandunanta,
kowane wata da sunansa cikin ajami,
rubutun nan nata mai kwanciya gefe guda.
Shekara takwas a jikin katako.
Na bi da yatsan da tarko ya bari:
kowace shekara, in an zo Agusta,
sandunan sai su sirance,
shida, huɗu, biyu, fili, fili,
can ƙasa kuma su sake cika kamar ba a yi ba.
A gefen wani fili ta rubuta ƙanana:
A bar su, ɗinkin sabuwar riga suke.

Ni tela, ban gane ba.

Na zauna a kan buhun gawayi na daɗe.
Marka takwas ke nan a ƙyauren,
ban tuna safiya ɗaya da farantina ya zo babu ƙwai ba.
Yanzu na san inda ribar kokonta take tafiya.

Na mayar da wuƙa inda take.
Na toshe yoyon akurki da tsohuwar leda,
na daka kan kifi na cuɗa da dusa.
Da la'asar na ƙwanƙwasa ƙofar Maame Serwaa,
hula a hannu, tsoho gaban yaro,
Turanci ya ƙi, Asantanci ya ƙi,
sai na ce ya kawo wandon makarantarsa in sake masa zif.

Da dare na ɗauki gawayi.
A ƙarƙashin layinta na ƙarshe na rubuta Agusta,
hannuna bai kai nata kyau ba,
na bar filin yau a buɗe.
A waje ana yayyafi.
Ina jin su suna gyara kwanciya.