Inda Mawaƙi Ya Yi Shiru

A rumfar Bappa Sajo, bayan tashar Dukku,
inda rediyoyin da muryarsu ta dushe ke layin magani,
warin dalma da ƙamshin shayi sun zama abu ɗaya,
gardamar bayan la'asar ba ta canzawa:
idan mawaƙi ya haɗiye muryarsa
ya bar wa mai jita fili,
wa ya fi kowa iya cika filin nan?

Gidado tela ba ya bari tambaya ta kai ƙasa.
"Sale Kunama! Yatsunsa allurar kekena ce,
kafin ka ƙifta ya ɗinke tsirkiya shida."
Bappa Sajo bai ɗago daga hanjin rediyo ba.
"Sauri? Ai ɗan acaɓa ma yana da sauri,
ban ga an shimfiɗa tabarma don sauraronsa ba."

"To kawo naka."

"Bulus na Kaltungo. Sauti uku kacal.
Ya taɓa, ya danne, ya ja ta sama
har ta yi kukan wanda jirgi ya bari a tasha.
Sannan ya tsaya.
Tsayawar nan, Gidado,
ita ce kekenka ba zai taɓa ɗinkawa ba."

"Uku! Don sauti uku zan sayi kaset?
Miya ce da za a ce gishiri ya yi tsada?"

Can gefe, kan benci mai gajeriyar ƙafa,
tsoho Lamela na zaune, bakinsa a ɗinke.
Hannunsa na dama ya shanye tun bara waccan,
yana ajiye shi a cinya kamar kayan aro.

Ni ne yaron shago, ni ake aika.
Na zura biro a idon kaset na juya,
na juya, har wuyan hannuna ya ƙage.
Na danna. Ganga ta shigo, mawaƙi ya ja baya,
jita ta taɓa, ta danne, ta fara hawa,

sai wuta ta ɗauke.

Fanka ta yi juyi biyu ta mutu.
Babu wanda ya zagi kowa, abin mamaki.
Cikin shirun sai na ji wani na ƙarasa kiɗan ta hanci,
daidai, har da lanƙwasar nan ta ƙarshe.
Na waiga. Gidado ne.
Ya ga mun gan shi, ya hau tarin ƙarya.

Asabe mai awara ta leƙo da matsami a hannu:
"Ku da kaset ɗinku! Kasko guda na ƙona
ina tsaye ina jiran ya sauko."

Sai Lamela ya gyara murya.
Yatsunsa na hagu suna tafiya kan gwiwa
suna danne tsirkiyar da babu.
"Ina bayansa ran nan, ni ke riƙe da babbar jita.
Tsayawar da kuke ta yabo shekara da shekaru,
tsirkiya ce ta tsinke masa.
Na ga zufa ta karyo a ƙeyarsa.
Ya dubi biyar ɗin da suka rage
kamar mai ƙirga 'ya'ya bayan ambaliya,
ya nemo sautin a wani gida, ƙasa-ƙasa,
inda bai taɓa ajiye shi ba."

Bappa Sajo ya ajiye sukundireba.
"Ƙarya ne. Da gangan ya tsaya."
"Na ce maka ina wurin."
"Ko kana wurin."

Aka kira magariba, gardama ta nemi takalmanta.
Gidado ya ce gobe zai zo da kaset ɗin Kunama,
a gani in wani zai iya bin sa da hanci.

Na rufe shago. A hanyar Jekadafari
na kama bakina yana yin sauti ukun nan,
kuma da na zo wurin tsayawar
sai ƙafata ma ta tsaya.