Bayan Waƙafi

Sikelin da na gada wurin Baba yana da duwatsu,
na kilo, na rabi, na kwata,
ko a duhu tafina ya san sunan kowanne.
Bara aka ce kasuwar Kusiri sai mai batir,
mai koren ido, mai ƙiftawa ba kunya.

Na ɗora masa bandar tarwaɗa, ya rubuta:
sifili, waƙafi, bakwai, biyar.
Na dubi mai saye, mai saye ya dube ni.
Logon na wucewa can bayan rumfuna, bai ce uffan ba.

Sai ga Barira daga lakwal, alli har a haɓa.
Ta kifa jaka kan buhun gishiri, ta ce:
Inna, ƙirga waɗanda ke bayan waƙafin.
Na ce biyu.
Ta ce to ɗari ke nan a ƙasa, saba'in da biyar a sama.
Ta ja layi tsakaninsu kamar gadar Ngeli,
motoci a kai, kwalekwale a ƙarƙashi.

Yanzu a rage musu kaya, in ji ta,
amma wuƙar da ta yanka na sama
ita za ta yanka na ƙasa, ba son kai.
Biyar ta shiga: sha biyar bisa ashirin.
Biyar ta koma: uku bisa huɗu.
Ta ajiye alli.
Na ce ci gaba mana.
Ta ce babu sauran wuƙar da za ta ci su duka biyu.

Uku bisa huɗu!
Ashe rabi da kwata ne, duwatsun Baba,
suka sa kwat suka zo mini da Faransanci.
Na yi dariya har mai saye ya nemi ragi.

Tun ranar nake tuɓe su ɗaya bayan ɗaya.
Shida, biyu, biyar, mai zama kan dubu,
sau uku na sa masa biyar kafin ya amsa
sunansa na yanka: biyar bisa takwas.
Amma akwai masu taurin kai.
Talatin da bakwai bisa ɗari,
na gwada biyu, na gwada biyar, ya ƙi.
Barira ta ce bar shi, haka aka haife shi.
Na tuna ƙanen mijina, na yi shiru.

Jiya da almuru kilo ɗaya ya rage a kwando,
mu uku muka haɗa jarin: ni, Tabawa, da Yagana.
Muka kasa, muka ɗora kashin kowa.
Uku, uku, uku, in ji mai koren ido.
Tabawa ta haɗa lissafi a yatsu,
ta ce ina giram ɗaya ya shiga?

Barira ta ce ba ɓata ya yi ba.
Ukun nan ba ta da ƙarshe,
da za ta bi hanya, har Marwa ba ta tsaya ba,
sikelin ne ya gaji, ya rufe baki.

Na kashe shi, batir na da tsada.
Na ce ɗaya bisa uku, kowa ta buɗe zani.
Yagana ta tsinci ɓarɓashin ƙasan kwando
ta jefa wa kyanwa.