Talatin

A shagon cajina, gindin durumin Sankara,
akwai tsohuwar kwamfuta, ni ne mai ita na huɗu.
Haruffa biyu sun zube mata kamar haƙoran goggo,
amma tana buga ƙwallo.
Naira hamsin, minti goma, yara biyu, benci ɗaya.

A kusurwar allonta akwai 'yar lamba koriya
mai ƙirga hotunan da take zanawa a sakan guda.
In fili ya yi sarari, sai ta haura tamanin,
tana rawar kai kamar ɗan acaɓa ya ga kwalta.
Amma bari a taru a bakin raga,
ƙafafu sun cakuɗe, 'yan kallo na tsalle,
sai ta faɗo sha bakwai.
Ƙwallo ta tsaya a sama tana shawara.
Kafin ka ƙifta ido tana cikin raga,
ba wanda ya ga hanyar da ta bi.

Ran Laraba Tanimu ya yi jifa da madanni,
ya ce coge ne, a ba shi hamsin ɗinsa.
Fanka na kururuwa kamar injin markaɗe,
ƙasanta zafi, ka ce tandar waina,
batirin sola kuwa ya sheƙa tun kafin la'asar.

Na ɗora ta kan bulo biyu.
Na yi mata fifita da faifai.
Na hura mata iska da bututun biro.
A banza.

Da ruwa ya sauka na bi kawu Barau huɗa.
Sa biyu gare shi: tsohon fari, da wani ja mai tashen ƙuruciya.
Jan ya fizga, ya ci burki, ya sake fizga,
kunya ta karkace kamar sawun maciji.
Kawu bai doki tsohon ba.
Igiyar hancin jan ya taƙaita, ya naɗe a hannu,
ya ce, "Ilu, garma ba ta son gudu.
Tafiya take so, wadda ba ta magana biyu."
Kunya ta gaba ta miƙe har gindin gawo.

Da daddare na shiga saiti,
na lalubo inda ake sa mata iyaka.
Yatsana ya yi nauyi.
Wa ke sayen doki don ya yi masa dabaibayi?
Na ce sittin. Ta kasa riƙewa.
Na ce arba'in da biyar. Ta yi tuntuɓe a kwana.
Na ce to, talatin.

Lambar ta zauna daram,
ko an taru, ko an watse, talatin.
Fanka ta sassauta murya
har na jiyo kwaɗi a kududdufin bayan masallaci,
ashe tun tuni suna nan.

Washegari Tanimu ya leƙo, ya ga lambar, ya taɓe baki:
"Ka kashe mata ƙarfi! Ta Ringim sittin take yi."
Duk da haka ya zauna.
Ƙanin Uwani, wanda ƙafarsa ba ta kai ƙasa daga benci,
ya zura masa uku.

Wannan karon ya ga kowacce,
tun daga ƙafa har raga, ba wadda ta ɓuya.
Ya dubi kwamfuta. Ya dube ni.
Ya dubi batir, ga shi da rai har an kira isha'i.
Ya sosa ƙeya,
ya laluba aljihu,
ya ajiye wata hamsin.