Matsefatar Gwaggo Tasalla

Shekara tara ina tsige mata gashin ido,
duk safiyar Juma'a, bakin ƙofarmu a Aboabo.
Fatar ta naɗe ciki, gashin na sharar ƙwayar
kamar tsintsiya a kan madubi.
Ba kuka take ba, hawayen ne ba sa yankewa.

A asibitin Komfo Anokye suka tsaga fatar,
suka juyo ta waje, ɗinki uku-uku.
Ta ce, "Ni da na yi wa rabin Zango ɗinki,
yau ni ce ƙyallen."

Kwana bakwai aka cire zare.
Na dama ya washe.
Na hagu kuwa, hakiya ta riga ta yi gida;
likita ya ce sai dashe, in an samu mai bayarwa.
Ta ce a bar wa yara.

A trotro ta karanta Kejetia da kanta,
ta juyo ta dube ni, ta daɗe:
"Ke Zulai, yaushe kika yi furfura?"

Juma'ar nan na fito da matsefata, don sabo.
Ta karɓa, ta tsige mini biyu,
ta kuskure ta ukun.